Shayin da Bai Huce Ba a Abbaganaram

Ana sallame sallar asuba muka fito da Baba muka zaunar da shi a gidan gaba, muka kama hanyar Maiduguri daga Kano. Mu uku ne a motar. Ƙanena na riƙe da sitiyari, Baba na gefensa an tokara masa filo, ni kuma ina baya tare da sandarsa da ledar magunguna da kular abincin da Umma ta danƙara kamar za mu Makka a ƙasa. Masu tambayata abin da ya kai mu Yerwa, wato Maiduguri, da tsoho marar lafiya, ga labarin.

Bara Baba ya gamu da ciwon shanyewar ɓarin jiki. Ƙafa ta dawo, yana takawa da sanda, amma baki bai dawo ba. Maganar tana nan a kansa, kana ganinta a idonsa, sai dai kafin ta fito ya haɗa gumi. Mu kuma don tausayi ba ma bari ya wahala. Da ya ce "ru..." an kawo ruwa, da ya ce "Um..." an kira Umma. A hankali ya daina ko farawar. Mutumin da a da in ya zauna a ƙofar gida sai an yi dariya har an riƙe ciki, ya koma in baƙo ya yi sallama sai ya juya fuska bango. Likita ya gaya mana cewa in ya daina gwadawa, ɗan abin da ya rage ma zai tafi. Wannan magana ta tsaya min a rai ƙwarai.

Baba ya daɗe yana sana'ar bandar kifi a Maiduguri. A unguwar Mafoni aka haife mu, sai da gari ya rikice muka tattara muka dawo Kano. Yana da amini a can, mai ɗinkin hula, wanda muke kira Baba na Yerwa. Shi yana ce wa Baba "Afuno", wato Bahaushe, Baba kuma yana ce masa "Babarbare". Tun suna samari harshen Baba ya ƙi sunayen garuruwan Borno, abokin yana ta yi masa dariya, sai Baba ya ce in ba zai iya faɗar suna daidai ba, ai zai iya ɗaure shi da waƙa. Daga nan wasansu ya samo asali. Za a tsiyaya shayi, abokin ya jefo suna mai karya harshe, Baba ya ƙaga 'yar waƙar barkwanci mai layi biyar: na farko da na biyu da na ƙarshe su ƙare da amon sunan, gajeru biyu na tsakiya su dace da juna. Dole a gama kafin shayi ya huce. In ya huce Baba ya faɗi, tsiren ranar yana wuyansa. Ba a rubutawa, ba a kuma taya mutum.

Kwanakin baya sai ga saƙon murya a wayata daga Baba na Yerwa: "'Yata, ki faɗa wa Afuno na ɗora buta. Akwai sunan da na ɓoye masa tun muna da baƙin gashi. In ya isa ya zo ya karɓa." Baba ya saurara, ya yi min alama da yatsa in sake kunnawa, sannan ya nuna jakar tafiyarsa da ke kan sif. Tun da ya kwanta bai taɓa neman zuwa ko'ina ba, don haka ba wanda ya yi musu.

Ƙarshen damina ne, hanya kore shar. A gadar Wudil kogi ya cika ya batse, masunta na ɗaga kifi suna nuna wa motoci. Mun karya a Azare da waina da miyar taushe a wajen wata dattijuwa da ta ƙara wa Baba biyu kyauta, wai ya yi kama da wanta. Ƙanena kuwa duk gidan man da muka tsaya sai ya yi wa farashi wa'azi, kamar mai zuba man ne ya sa shi. A Potiskum tirelolin shanu suka tare mu, muka yi ta bin bayansu muna shaƙar abin da ba turare ba.

Da allon Ngelzarma ya bayyana sai na tuna tata waƙar, don muna yara mun haddace su kaf. Na rera daga baya:

Bakano ya sauka a Ngelzarma,
Ya ce a ba shi aron garma,
Aka ce, "Ina shanu?"
Ya shimfiɗa hannu,
"Su ma ku ara min, alfarma!"

Ina rerawa ina kallon hannun Baba mai lafiyar yana buga gwiwarsa. Da na zo kalmar ƙarshe na ga leɓensa ya motsa yana neman ta, sai na yi maza na faɗa masa ita. Ya sauke hannun ya mai da kansa taga. A lokacin ban ga laifina ba. Sai ma na shiga lissafin wane suna aka ɓoye masa, ina tanadin kalmomi a kaina don in agaza masa in abin ya cije.

Mun yi azahar a Damaturu a gurguje, don ana rufe hanyar shiga Maiduguri da yamma, kuma ba mai son dare ya riske shi a waje. Daga nan hira ta ragu a motar. Shingen jami'an tsaro ɗaya bayan ɗaya, ga kangon gidajen da aka ƙone, ga sababbi masu farin kwano a gefensu. Amma gero ya yi kyau, zangarniya sai sunkuyawa take, mutane suna gona. A Benisheikh mata suka yanyame motar da dafaffiyar gyaɗa da ƙwai. Da muka iso Njimtilo, bakin gari, muka shiga layin bincike, ƙanena ya saki ajiyar zuciya ya ɗauko tata waƙar da muryarsa mai kama da ta ƙofar langa-langa:

Wani ya yi barci a Njimtilo,
Buhun bandarsa ya mai da filo,
Maguna suka taru,
Suka tsallake garu,
Ya farka ya iske kifi tilo.

Kafaɗar Baba ta girgiza. Dariya yake yi, ba sauti.

Maiduguri tana nan da dogon yaronta jere a bakin titi, inuwa ko'ina. Babu babur ko ɗaya, keke mai ƙafa uku ne ya cika gari. Mata cikin lafaya suna wucewa suna barin ƙamshin turaren wuta a bayansu, ƙamshin da na tashi a cikinsa, har na ji idona ya kawo ruwa. Mun sauka a Mafoni wajen tsohuwar maƙwabciyarmu, malamar makaranta 'yar kudancin Borno da ta yi ritaya. Tana dawowa daga coci ta gan mu ta saki jaka ta rungume ni tana cewa, "'Ya'yan mai kifi!" Ta ciyar da mu burabusko da miyar yakuwa har sai da ƙanena ya kwance bel.

Washegari da hantsi na leƙa Kasuwar Kwastam na sayo ganyen shayi da sukari na tsaraba, da turaren wuta da humra na Umma. Na gwada ɗan Barbarcin da ya rage min don a yi min ragi, mai turaren ya yi dariya ya ce in yi Hausata kawai, zai rage min don kada in ƙarasa kashe masa yare. Kifin da Baba ke sayarwa buhu-buhu a da, yanzu tsadarsa ta sa sai dai a kalla a haɗiyi yawu. Na huce haushina a kan soyayyar fara da yaji.

Bayan la'asar muka hau keke zuwa unguwar Abbaganaram, don lungunanta ba na mota ba ne. Mun tarar da Baba na Yerwa a zaurensa a kan tabarma, ya rame, ido ya yi rauni har ya ajiye allura, ga kaskon gawayi da 'yar buta a gabansa. Ya yi mana sannu da Barbarci, ya ce, "Wushe, wushe! Afuno, ka tsufa." Suka riƙe hannun juna suka daɗe ba su saki ba. Bai tambayi jiki ba, bai yi jaje ba. Ya tsiyaya shayi a ɗan kofi ya dire a gaban Baba, ya gyara zama ya ce, "Abbaganaram."

Ashe sunan unguwarsa ya ɓoye duk tsawon shekarun nan. Baba ya buɗe baki. "Na... na..." Jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ni kuwa na matsa kusa da kunnensa zan raɗa masa, sai tsohon nan ya ɗaga hannu ba tare da ya kalle ni ba.

"'Yata, ba a taya mutum. Koma can ki zauna."

Na koma na zauna ina jin haushinsa, ina cewa a raina wannan wane irin rashin tausayi ne. Tururin kofin ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Baba ya kalli kofin ya sunkuyar da kai, irin sunkuyawar da na sani a gida, wadda daga ita sai juya fuska bango. Sai Baba na Yerwa ya miƙa hannu ya laluba kofin, ya juye shayin cikin buta, ya mai da ita kan gawayi, ya yi fifita, ya sake tsiyayawa ya dire.

"Bai huce ba," in ji shi. "Ina jinka."

Haka ya yi ta yi. Shayi ya sha iska, ya mai da shi wuta. Bai yi hira don ya cike shirun ba, bai kalli agogo ba, bai ce sannu ba. Yana zaune kawai kamar wanda ba shi da wani aiki a duniya sai wannan. Inuwa ta tsallake zauren ta hau bango. Can sai Baba ya fara buga gwiwa da hannu, ya ja layin farko da 'yar murya kamar mai rera waƙa, kalma na fitowa tana tsayawa, wata na biyo ta da ƙyar. Ya koma farko ya fi a ƙirga. Ana gab da kiran magariba ya kai ƙarshe:

Na zo gidanka Abbaganaram,
Ka tarbe ni kana faram-faram,
Bakina ya yi nauyi,
Jikina ya yi sauyi,
Amma in mance da kai, haram.

Rabon da in ji magana mai tsawon haka daga bakin Baba tun kafin ya kwanta. Na rufe fuska da mayafi na yi kukana. Ƙanena ya fita waje wai zai amsa waya, wayar kuwa tana hannuna. Baba na Yerwa ya goge ido da bakin hularsa ya ce, "Har yanzu ba ka iya faɗar sunan daidai ba, Afuno. Amma ka ci. Tsire yana wuyana." Shayin kuwa ya dahu ya sake dahuwa har ya yi baƙi ƙirin, ɗaci kamar maɗaci. Baba ya shanye shi tas.

Mun ƙara kwana biyu, kullum da la'asar muna zauren nan. Wata rana a samu waƙa, wata rana layi biyu kawai a tashi, ba wanda ya damu. Ranar da za mu taho, tsofaffin biyu ba su yi doguwar sallama ba. Kowannensu ya san shekarunsa, mu ma da ke tsaye mun sani.

A hanyar dawowa na yi ta tunani. Mun ba Baba magani a kan lokaci, mun kai shi gashin ƙashi, mun yi masa duk abin da ake yi wa uba, amma mun hana shi abu ɗaya, wato jira. Muna ƙarasa masa magana muna ganin taimako ne, ashe ƙwace masa muke yi. Na je Yerwa da guzurin kalmomin da zan ba shi, na dawo na koyi kame bakina. Masu jinyar irin wannan ciwo a gida, don Allah ku riƙe wannan.

Mun shigo Kano da yamma, Umma na tsaye a tsakar gida. Baba ya zauna a kujerarsa ya kalle ta ya ce, "Ɗo... ɗo..." Ta yunƙura za ta fara canka kamar yadda muka saba, na riƙe mata hannu. Muka tsaya shiru, har kazar gidan muna jin takunta.

"Ɗora... buta," in ji Baba.

Umma ta kalle ni, na ba ta labari a taƙaice. Ta hura gawayi, ta dafa shayi, ta dire kofi a gabansa. Ita ma ai ta yi zaman Yerwa, ta san sunayen da ke ba shi wuya. Ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "Bulumkutu."

Sannan ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna kusa da kaskon, ta bar butar a kan wuta.