Sunan Malam Bai Je Aliero Ba

Liba zuwa Maiyama

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, na leƙa ɗakin Gwaggo Hajo don mu yi sallama. Ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan kakanmu, Malam Haliru, kuma ita ta tashe ni wannan tafiya. Ta ji labarin an baje tsofaffin littattafan malamai a wani zaure a Aliero, har da na mahaifinta. Ga shi ƙafa ta ƙi, ido ya yi rauni.

"Ummaru, tahi ka gano mini sunan Baba inda anka rubuta shi, ka komo ka shaida min. Shi kaɗai nika so."

Na ce to. Littafin nan waƙoƙin wa'azi ne da Malam ya tsara da ajami, warƙoƙi a sake cikin gafaka, babu ɗinki, irin na mutanen da. Da ya rasu sai aka raba shi uku yadda aka raba gona, don kowane gida ya samu albarka. Gwaggo ta ɗauki farko, Baffa tsakiya, ƙarshen ya faɗo gidanmu har ya zo hannuna. Bara da masu tattara littattafai suka zo, gida biyu suka ba da nasu aro. Ni na ce ina neman inda na ajiye. Ƙarya nake yi. Shekara huɗu ke nan da na naɗe nawa a leda na soke a rudun da muke ajiye albasa, wai albarkarsa ta hana ta ruɓa. Ruwa ya shiga, gara ta ƙarasa. Ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Ɗan kabu-kabu ya sauke ni bakin titin Maiyama shida da kwata. Muka zauna jiran mota ta cika har kusan bakwai.

Jega

Direban mai surutu ne. Ya dubi babbar rigata ta madubi ya ce, "Alhaji, wanga ado haka, zance za ka?"

Na ce, "Littafi za ni gani."

"Littahi? Da kuɗin motarka? To, Allah shi ba da lada."

A shingen da ke kafin gari jami'i ya leƙo, ya dubi buhunan da ke baya, ya ɗaga mana hannu. Bakwai da rabi muna tashar Jega. Na sayi koko da ƙosai na ɗari uku, ƙosai biyu na iya ci, sauran na miƙa wa wanda ke kusa da ni. Daga nan zuwa Aliero ba nisa, ko minti talatin ba mu yi ba.

Aliero

Sai tara ake buɗe zauren, don haka na jira a gindin dogonyaro. Da muka shiga, kai, na ga abin da ban taɓa gani ba! Alƙur'anai rubutun hannu masu zayyana ja da rawaya, wasiƙun da malamai suka aika wa juna, tsofaffin alluna da 'yan kurtun tawada, da zanen hanyar da alhazai suka bi da ƙafa zuwa Makka a zamanin da. Kowane littafi yana cikin akwatin gilashi, da ɗan kati a gabansa mai sunan wanda ya tsara shi.

A akwati na uku na hango gafakarmu. Ko daga nesa na gane ta, da tabon ƙunar fitila a gefenta. Na matsa, na sa tabarau, na karanta katin: "An samo shi a Liba. Mawallafi: ba a sani ba. Ƙarshen littafin ya ɓata."

Na kira malamin da ke zagayawa da baƙi. "Malam, wannan fa na kakana ne. Shi ya tsara."

Ya ce, "Baba, waɗanda suka ba mu aro ma haka suka ce, kuma ban ƙaryata ku ba. Sai dai malaman da suna kwafar waƙoƙin juna, samun littafi a gidan mutum ba ya nuna shi ya tsara. Mai waƙa a baitocin ƙarshe yake faɗin sunansa da garinsu. Duba nan." Ya nuna mini wata kalma ita kaɗai a ƙasan warƙar da ta zo ƙarshe. "Haka suke yi, su rubuta kalmar da za ta buɗe warƙa ta gaba don kada tsari ya rikice. Wannan tana jiran 'yar'uwarta ne. In an samo sauran, ran nan za mu canza katin."

Na daɗe tsaye ina kallon kalmar nan. Sunan da ake nema na taɓa ganinsa da idona, ina sauri ina naɗewa, ko baiti ɗaya ban tsaya na haddace ba. Wallahi ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ran nan ba. Sauran akwatunan ban ƙara duba ko ɗaya ba.

Komowa gida

Na yi azahar a Jega, na iso Liba bayan la'asar. Na gode wa Allah da ya kai ni ya komo da ni lafiya, na kuma gode wa malamin nan da bai tambaye ni inda sauran yake ba.

Gwaggo na zaune kan tabarma tana jira. Na ba ta labarin gilashi da mutanen da ke tsayawa kallo, ta yi ta murmushi.

"Sunan fa?"

Na faɗa mata abin da aka ce. Sai ta tafa hannu. "Ashe abu mai sauƙi! Ai ƙarshen na wurinka. Gobe ka kai musu."

Na durƙusa a bakin tabarmar na faɗa mata komai, da ledar, da rudun, da garar. Ta ɗauki casbinta tana ja. Can ta ce, "Albasar, ta yi kyau shekaran nan?"

Na ce, "Ta yi, Gwaggo."

Ta ce, "To."