Audugar da Ta Tsiro a Jikin Tarwaɗa

Jama'a, yau na ga auduga ta tsiro a jikin kifi!

Maƙwabciyata a Kakuri, Maman Ladi, ta ajiye tarwaɗa shida da rai a durom, don bikin baftismar jikarta gobe. Da safe ta ƙwala mini kira. Na leƙa. Huɗu sun yi farin gashi buzu-buzu, baya da wutsiya!

Ta juya kan mijinta, Baba Bitrus, ma'aikacin masaƙa. "Aikinka ne! Kullum nan kake kakkaɓe kayan aikinka."

Ya ce, "Shekara ashirin ina taɓa auduga, bari in gani."

Ya tsinko kaɗan zai murza zare. Abin ya narke a yatsunsa, sai yauƙi.

Ya ce, "Wannan ba tamu ba ce."

Aka kira Malam Gyang, jami'in kiwon kifi. Ya ce fumfuna ce mai kama kifin da ya ji rauni, tana cin namansa da ransa. A binne duka shidan.

Maman Ladi ta ce, "To maigida, ka fita laifi. Amma baƙi sai sun ci nama."

Yanzu haka Baba Bitrus na can bayan gida, yana bin zakaransa a guje.