Surajo Direban Bas da Rubutun Mahaifinsa

Ranar Laraba muka kai Surajo makwancinsa a nan Greensboro. Allah Ya jiƙansa. Waɗanda suka san shi a shekararsa ta ƙarshe sun san wani dattijo mai shiru, zaune a benci a garejin motocin makaranta. Gara su ji yadda aka yi ya koma kan bencin nan.

Ɗan Funtuwa ne, kuma tirela ya fara ja tsakanin Funtuwa da Legas. Ranar da zai fara fita shi kaɗai, mahaifinsa ya fiƙe alƙalami ya rubuta masa addu'ar hawa mota a wata 'yar takarda da ba ta kai tafin hannu ba, ya ce ya liƙa ta inda idonsa zai sauka kafin ya tada inji. Duk motar da Surajo ya ja bayan nan, takardar na saman gilashi. Da ita ya zo Amurka a cikin fasfo.

Shekara goma sha ɗaya yana jan bas ɗin 'yan firamare a wajen Pleasant Garden, inda gida ke nesa da gida, kowa da filinsa. Layin nan shi ne rayuwarsa, don shi da matarsa Suwaiba Allah bai ba su haihuwa ba. Ya san yaron da ke amai in an sha kwana da ƙarfi, ya san wadda kakarta ke rakowa da sanda, sai an jira ta. Takardar kuwa ya manne ta da gam a saman gilashin, ya bi da tef, har ta yi ja ta zama ɗaya da fenti. Ba wanda ya taɓa kula.

Sai wata safiya wani uba mai suna Justin ya hau matakalar bas don miƙa wa 'yarsa abincin da ta manta. Ya ɗaga kai, ya ga rubutun Larabci, ya ciro waya ya ɗauki hoto. Ko gaisuwar da Surajo ya yi masa bai amsa ba.

Da yamma Lucia, shugabarsu a gareji, ta kira shi gefe. Ta ce an kawo ƙara, ya taimaka ya ɗauke abin daga idon mutane, magana ta mutu a nan.

Surajo ya tafi gida yana juya zancen. A ganinsa, mutum ba ya tsoron addu'a sai dai in bai san me ta ƙunsa ba. A tashar Funtuwa, da manyan baƙaƙe ake rubutu a goshin mota, Musulmi ya rubuta nasa, Kirista ya rubuta nasa, fasinja ya karanta ya ce amin ya shiga. Don haka ya sa aka fassara masa addu'ar da Turanci, aka buga masa a babbar takarda, ya liƙa ta ƙarƙashin ta mahaifinsa. Har murna yake ya warware matsala.

Abin da bai sani ba, Justin ya shekara biyu yana zarya da wasu 'yan cocinsu don a kafa Dokoki Goma na Littafi Mai Tsarki a bangon azuzuwa, ana ce musu doka ta hana, makarantar gwamnati ba ta ɗaukar ɓangaren wani addini. Da wannan haushin ya tsaya a bakin titi ranar Litinin, da wasu iyaye uku a bayansa. Surajo na buɗe ƙofa, Justin ya hau.

"To, yanzu har wa'azi ka fara?" in ji Justin. "An hana maganar Ubangijina hawa bango, kai kuma kana yawo da taka a kan 'yata kullum safiya."

"Ina kwana, Malam Justin," Surajo ya ce. "Karanta mana. Allah Ya kai mu lafiya ne kawai, har da 'yar taka."

"Ban roƙe ka ba. Aikinka sitiyari."

"Ni ban hana naka ba. Ga wuri nan ta dama. Kawo Dokokin naka gobe, ni zan liƙa maka da hannuna, ina da tef."

Wallahi da zuciya ɗaya ya faɗa. Justin ya ɗauka ba'a ce. Ya ja 'yarsa ya sauko da ita tana kuka, sauran iyayen ma suka riƙe nasu. Wata mata ta ce wa Surajo ya koma inda ya fito ya yi makarantarsa can. Yaran da ke cikin bas suka yi ta kallon ƙeyarsa har aka isa makaranta.

Kafin Juma'a hoton ya zaga Fesbuk. Bayan salla, a harabar masallaci, kowa ya zama malaminsa. Alhaji Ubale, mai sayar da motoci, ya ce, "Kai ma dai, Malam Surajo, da girmanka. Motar ubanka ce? Ka cire musu tsiyarsu kada ka ja mana ido." Muzammil, wani ɗalibin jami'a mai yawan Turanci, ya ce a'a, kada ya cire, a nemo lauya, a kira 'yan jarida. Da Surajo ya tambaye shi ko zai raka shi ofishin hukumar makarantu, inda aka kira shi ranar Talata, sai ya tuna yana da jarrabawa. Shi kaɗai ya je.

Lucia ce a ofishin da wani mutum mai kwat da nakatai da bai faɗi sunansa ba. Mutumin ya yi bayani a hankali, kamar yana magana da kurma. Bas na gwamnati ne. Direba a kan sitiyari bakin gwamnati ne. Ƙaramar takarda da an iya kau da kai, amma fassarar da ya kafa yara su karanta ta zama koyar da addini, tayin liƙa Dokoki Goma kuma ya ƙara laifi a kan laifi.

"To ai na daidaita ke nan," Surajo ya ce. "Nawa da nasa."

"Ba naka, ba nasa," in ji mutumin.

"A Disamba wa ke sa ni in kai yara su yi waƙar Kirsimeti?"

"Wannan bikin hunturu ne."

Surajo ya yi dariyar da ba ta da daɗi. Lucia ba ta ɗago kai ba. Ta ce ya cire duka biyun yau, ko ya ajiye makulli.

Ya tsaya a bakin bas ɗin ya fi rabin sa'a. Mahaifinsa ya rasu da daɗewa, kuma ban da takardar nan ba shi da wani abu da hannun tsohon ya taɓa. Amma gobe da safe akwai yara talatin da biyu a bakin titi. Ya ari reza wajen makaniki. Fassarar ta fita salin alin. Ta mahaifinsa ta ƙi. Gam ɗin shekara goma sha ɗaya ya riƙe ta, tana fitowa gutsure-gutsure, tawadar na zuba kamar gari. Ya tattara da tafin hannu, har da wanda ya faɗi ƙarƙashin birki, don kada a taka sunan Allah, ya ƙulle a hankici. Lucia ta zo ta duba gilashin, ta sa hannu a fom.

Washegari ya zo da ƙarfe shida, ya tarar da wani a kujerarsa. Lucia ta ce iyaye sun rubuto ba su saki jiki da shi ba, don lafiyarsa ma an ga ya fi kyau ya koma direban ko-ta-kwana, in wani bai zo ba a kira shi.

"Amma na cire," ya ce.

"Na sani, Surajo. Ba daga ni ba ne."

"Da kin faɗa mini jiya, da ban kankare ba."

Wata goma sha huɗu ya yi a benci. Wani lokaci a ba shi layin Summerfield, wani lokaci wani layin da bai san sunan yaro ko ɗaya ba. Sau uku ya rubuta yana roƙon a mayar masa da nasa. Amsa ɗaya ya samu, cewa ana dubawa. Ya rame, ya daina tsayawa hira bayan Juma'a. Suwaiba ta ce har ya kwanta ciwo, in sun fito a motarsu ba ya yarda ya bi ta Pleasant Garden, sai ya zagaya.

Hawan jini ne ya kayar da shi a kan bencin, yana jiran kira. Alhaji Ubale ya zo jana'iza yana ta cewa mutumin kirki ne. Ofis ya aiko da kati da furanni, Suwaiba ta ce a mayar musu, ba ta karɓa. Allah Ya haskaka kabarinka, Surajo, abokina. Hakkinka kuma yana wuyan waɗanda suka ɗauka.