Baba Garba da Gilashin Motar Mahaifina

Ina gonar albasa bayan Taloka, da hantsi, Isah, ƙanen Baba Garba, ya kira ni a waya. "Malam Bello, Baba Garba ya cika. Da azahar za a kai shi." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na zauna a ƙasa. Wata bakwai ke nan ban gaishe shi ba, kuma laifin nawa ne.

Baba Garba mai gilashi, haka Wurno ta san shi. Sa gilashin mota ne sana'arsa tun ƙuruciya. Ba ya taɓa motar mutum sai ya wanke hannu. Idan direba ya zo da tsagaggen gilashi yana neman a lallaɓa sai bayan kaka, yakan ce, "Kai da ka ɗaukar mutane, da mi kaka ganin hanya?" Abokin mahaifina ne, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ɗan Mamman.

Mahaifina ya bar mini tsohuwar akori-kura wadda ta girme ni. 'Yan'uwana sun matsa in sayar, na ƙi. Bara, a hanyar Goronyo, wata babbar mota ta cillo dutse ya tarwatsa gilashin gaba. An daina kawo irinsa tuntuni. Baba Garba ya yi sati biyar yana cigiya, har ya samo ɗaya a Dinawa, jikin wata matacciyar mota da kaji ke ƙwai a ciki.

Ranar sawa ya zagaya siririyar igiya cikin robar gilashin, ya shiga motar yana ja a hankali, robar tana kama ƙarfe. Ni ya sa a waje. "Tallabe kurum, ɗan Mamman. Kak ka danna." Kusurwa ɗaya ta ƙi zama. Na gaji da jira, na danna da tafin hannu. Sai ƙas! Tsaga ta tashi daga sama har ƙasa.

Mutane na zaune a rumfar da yake aiki. Kunya ta kama ni, sai na juye ta a kansa. Na ce tsufa ya ci shi, hannunsa rawa yake yi, ya bar wa masu ƙarfi aikin. Ya dube ni, ya naɗe igiyarsa, ya ce, "Allah shi ba ka haƙuri." Na ja motar gida na rufe ta da tamfol. Daga ranar na canza hanyar zuwa kasuwa.

Bayan mun dawo daga maƙabarta, Isah ya kama hannuna zuwa rumfar. A bayan ƙofa akwai wani abu naɗe da buhunan albasa. Ya kwance. Gilashi ne, irin na motata, ko ƙwarzane babu.

"Daga Rabah yaɗ ɗauko shi, bisa cinyatai, ga ciwon ajali ya riga ya kama shi," in ji Isah. "Na ce in kira ka, yac ce a'a, za ka taho da kanka in zuciyarka ta huce."

Na ce, "Isah, ni na danna wancan. Ba hannunshi ba ne."

"Ya sani. Shi da ke cikin mota, yana kallon hannunka. Ni ɗai yah hwaɗa ma, kuma yac ce kar in kai zancen gaba."

Gilashin yana ɗakina a jingine. Na kasa kai wa kowa ya sa. A gaban jama'a na ci mutuncinsa, shi ya sa nake rubuta wannan inda jama'a za su gani: hannun Baba Garba bai yi rawa ba.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Garba, ka yalwata kabarinsa, ka rufa masa asiri yadda ya rufa mini. Ka ba matarsa Inna Hajo da 'ya'yansa da Isah juriyar wannan rashi, ka tsaya musu. Ni kuma, ka sa ya kasance ya yafe mini kafin ya tafi. Amin.