Malam Irmiya Bawa da Geron da Ya Riga Shanu

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Irmiya a garin Kagoro a shekarar 1939, ɗa ga Bawa manomi da maiɗakinsa Martha. Bayan ya kammala makarantar mishan ya samu horon malamin gona, aka turo shi Sakkwato a 1963, ya sauka a Sabon Gari. A 1968 ya auri Tabita, malamar firamare.

Aiki

Bayan farin 1973, lokacin da arzikin man fetur ya ɗauke hankalin jama'a daga gona, rikici ya tsananta a ƙauyen Gidan Audi, arewa da birni. Rashin ciyawa yakan sa makiyaya su dawo da shanu tun gero yana tsaye, shekara ba ta wucewa ba a zubar da jini ba, rumbuna kuma babu komai.

A 1975 Malam Irmiya ya karɓo irin gero mai saurin nuna daga masana binciken noma, da nufin a gama girbi kafin shanu su iso. Bisa al'adar aikinsu, manomi ɗaya ya ba don gwaji, wani dattijo mai suna Sodangi. Geron ya yi kyau ƙwarai, amma da yake shi kaɗai ya nuna a duk yankin, tsuntsaye suka taru a kansa suka cinye shi tas. Abin ya yi wa Malam Irmiya ciwo matuƙa, kuma daga abincin gidansa iyalin Sodangi suka ci har wata damina.

Yarjejeniya

Bai yi zuciya ba. A 1976 ya yi ta zarya a kan babur tsakanin manoma da Arɗo Siddiƙu, shugaban makiyaya, har aka yi ittifaƙi cewa gari duka zai shuka irin tare, ya girbe a ranar da aka tsayar, washegari shanu su shiga su ci kara su bar taki. Ya kafe cewa ba biki ba rasuwa da za ta sa a ɗage ranar nan, har ana yi masa tsiya ana kiransa Limamin Girbi. Daga wannan shekara ba a sake fid da jini ba.

Rasuwa

Ya rasu a gidansa a watan Satumba na 1985, bayan gajeriyar jinya. Jana'izarsa ta faɗo a ranar girbi, shanu suna bakin gonaki suna jira, saboda haka babu mutum ɗaya daga Gidan Audi da ya halarta. Sai da suka ɗaure damin ƙarshe suka taho gaisuwa, Sodangi da Arɗo a mota ɗaya. Tabita ta shaida musu cewa da sun bar gona sun zo, da bai yafe musu ba.

Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Markus, Esther, Habila da Martha ƙarama.