Hular da Ke Kan Gungume na Uku

Ranar Larabar da ta rage mako biyu a yi Babbar Sallah, mu huɗu ne a tsakar gidanmu na Yakasai: ni, da surukata Binta tana tankaɗe, da ɗana Bukar mai wankin hula, sai jikata Hauwa da ta tasa kwamfuta a gaba kamar za ta yi kuka. Aikin makaranta ne, washegari za ta kai, in ya lalace ta maimaita shekara. Jerin hulunan shagon ubanta ta tsara. In ta ce wa na'urar ta nuna sunan mai hula, sai suna ya fito sarai. In ta ce ta nuna hular ɗungurungum, sai ga kalmar Hula da wani tarkacen lambobi.

"Iya, ke da ko bihim ba ki sani ba, me kike leƙe?" in ji ta. Na ce ta yi mini bayani dai. Ta ce suna rubutu ne zalla, shi ya sa yake fitowa. Hula kuwa tana da mai ita, da launi, da awon kai, kuma abin da na'urar ta riƙe alama ce ta inda aka ajiye ta.

Nan na tuna ina 'yar shekara bakwai a hannun gwaggona Ya Falmata. Mijinta ma wankin hula yake yi. Da sassafe nake ɗebo ruwa a rijiya, in dama sitaci, in jera gumagumai a kan soro, hulunan Barno suna bushewa a kansu, ina jiyo 'yan carafke a lungu raina yana can. In baƙo ya yi sallama ni ake turawa. Wata rana wani dattijo ya tambayi hularsa, na ce tana kan gungume na uku, na ruga wurin wasa. Ashe an sauya jeri, ya tafi da ta wani ana gobe ɗaurin aure. Gwaggo ba ta dake ni ba, kunnena ta kama. "Ba masaukinta aka tambaye ki ba. Ta wane ce, wane launi, kai nawa?" Sai da na yi mako ina tsayawa gaban kowace hula ina faɗa da ƙarfi.

Na ce wa Hauwa, "To ke kin koya wa na'urar abin da za ta faɗa?" Ta dafe goshi, ta ce akwai sashen da ke wannan aikin, ana kiransa toString, ta manta ba ta rubuta ba. Kafin la'asar suna da launi da awo suka jeru.

Mu da jan kunne muka koya, yanzu yatsa ake sawa a gyara, kuma gwaggon da zan ba labari ta daɗe a ƙasa. Mai koyarwa dai ba ya tsufa.

Washegari na tare ta a zaure, na sa ta karanta mini jerin kaf. Hular Malam Goni, mai kawo wa Bukar wanki, ta sa baƙa, alhali shuɗiya ce. Sai da ta gyara na matsa mata hanya.