Rigar da Ta Ƙi Bushewa

Gawayi mai guga bai taɓa kayar da matarsa a gardama ba, amma kayen da ya fi yi masa ciwo shi ne na ranar da rediyo ta ambaci sunan maƙwabcinsu Hedimasta. Ya shigo gida yana haki, ya ce gwamna ya ba Hedimasta kwamishinan ilimi, magana ta ƙare. Uwargida ko ɗagowa ba ta yi daga tukunyarta ba. Ta ce suna kawai aka aika majalisa; sai an binciki takardunsa, kwamiti ya zaunar da shi ya yi masa tambayoyi, 'yan majalisa su amince, sannan a rantsar. Ya ce ina ruwan gwamna da wannan dogon zance? Ta ce shi ma ai wata nawa ya yi yana zarya ƙofar gidansu kafin babanta ya ce to, ko ya manta? Ya nemi hularsa ya fita, alhali tana kansa.

Sunan Gawayi kuwa ya samo shi ne daga dutsen gugarsa na gawayi, wani baƙin ƙarfe da ya girmi 'ya'yansa duka. Na lantarki, in ji shi, sai malalata. Shagon ɗan tsugul ne: tebur, tsohon bargo a kai, igiya, da robar wanki. A nan ya tsufa yana hura wuta, gashin girarsa ma rabi ya tafi.

Tsakaninsa da Hedimasta akwai tsohon alheri. Babbar 'yar Gawayi ta sha duka a makaranta wai daƙiƙiya ce, sai Hedimasta ya lura allon ne ba ta gani, ya dawo da ita bencin gaba, ya sa aka duba idonta. Yau ita ma koyarwa take yi. Gawayi ba ya yawan faɗa, amma kayan Hedimasta kullum su ne a saman tebur.

Hedimasta ya miƙa makaranta ga mataimakinsa, ya kawo farar rigarsa ta fita kunya, wadda ba shi da ta biyu, ya ce a gyara ta don ranar tantancewa. Gawayi ya wanke, ya sa sitaci, ya goge har tana ɗaukar ido. Ranar ta zo, aka ce majalisa ta tafi hutu. Suka dawo, aka ce wani ya kai ƙorafi wai mutumin bai taɓa yi wa jam'iyya wahala ba. Aka sake ɗagawa. Masu zuwa taya murna, waɗanda da farko takalmansu suka toshe ƙofa, suka soma tuna suna da ciwon ƙafa. Har wani kawu da ya zo da jakarsa don ya zauna ya tuna ya bar akuya ba ruwa.

Wata safiya Hedimasta ya zo shagon, ya rame, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce a ba shi rigar. Zai je ofishin gwamna da ƙafarsa ya ce a janye sunansa, ya gaji da zama abin nuni a layi. Kuma ba zai shiga wurin da tsumma ba.

Gawayi ya dubi rigar a rataye bayan labule, a goge tsaf. Ya ce a yi masa uzuri ya duba. Ya shiga, ya ɗauke ta, ya cusa a robar ruwa.

"Ranka ya daɗe, a jiƙe take."

"Rigar da ka goge tun wancan makon?"

"Ƙura ta hau ta. Gobe, in Allah ya yarda."

Gobe ta yi, riga na ruwa. Jibi, wai shuni ya yi yawa. Gata, wai tsuntsu ya yi mata aika-aika a kan igiya. Hedimasta, mutumin da ko ɗalibi bai cika yi wa tsawa ba, ya kira shi tsohon banza a gaban jama'a. Gawayi ya ce na gode, ya ci gaba da hura wutarsa. Uwargida ta ce riga dai ba kifi ba ce, wata rana zai yi bayani.

Ana cikin haka saƙo ya iso da hantsi: kwamiti zai zauna bayan azahar, Hedimasta ya zo. Riga kuwa tana cikin roba, da gaske wannan karon, ga wutar lantarki an ɗauke a unguwa duka. Gawayi ya matse ta, ya cika dutse da garwashi, ya bi ta gaba da baya, tururi na tashi kamar ana dafa ta. Hedimasta na tsaye da singileti yana zaginsa yana sa masa albarka a numfashi ɗaya. Haka ya tafi, wuyan rigar da sauran danshi.

'Yan kwamiti suka tambaye shi yadda za a yi da ajin da yara suka fi benci yawa. Ya amsa, don abin da ya kwana ya tashi a ciki ne. Majalisa ta amince, aka rantsar da shi. Kawu ya dawo da jakarsa, akuya ta sha ruwa ke nan.

Kwamishina da kansa ya zo shagon, ya riƙe hannun Gawayi da hannu biyu. Bai tambayi labarin tsuntsun nan ba, har yau.

Da yamma Gawayi ya soma cika baki a tsakar gida, wai da shi aka yi naɗin nan. Uwargida ta ce ji mutum, wanda bai san bambancin aika suna da tabbatarwa ba sai da ta koya masa. Gwamna ya zaɓa, majalisa ta amince, shi a ina ya shigo?

Ya gyara zaman hularsa.

"Gwamna ya aika, majalisa ta amince, duk rediyo ta gaya miki. To wanda ya tsare mutumin a tsakani har suka gama shiriritarsu, ai a robar wanki ya yi aikin."